Koren Rubutu a Bangon Yaya

Duk wanda ya sauko daga mota a tasharmu bayan doguwar tafiya, abu biyu yake nema: inda zai miƙe ƙafa da inda zai rage mara. Na farkon ba wuya. Na biyun kuwa, ban ɗakin tashar an garƙame shi da kwaɗo tun ina da haƙoran gaba, don haka sai mutum ya ɓulla ta ƙaramar ƙofar baya ya faɗo lungunmu. A bakin lungun nake zama ina gyaran lema da tocila. Bangon farko da matafiyi zai tarar shi ne na Yaya.

Yaya ba yayata ba ce. Yayar abokina Mai Fenti ce, amma duk lungun haka ake kiranta, har waɗanda suka girme ta. Mijinta ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki biyu, kuma ɗakin kwananta shi ne ya ba lungu baya. Shekara da shekaru bangon nan yana shan abin da bai roƙa ba, har gishiri ya ci shi ya bar tabo. Ni kam nakan zauna ina kallon tabon. Wata shekara ya yi kama da raƙumi a durƙushe, wata shekara kuma raƙumin ya fito da fiffike. Yaya ba ta ga raƙumi ba. Abin da ta gani shi ne danshi ya ratso har bayan gadonta, zarni ya hana ta shimfiɗa sallaya a ɗakinta, sai dai ta fito tsakar gida ko ana ruwa.

Ƙanenta Mai Fenti shi ke zana kawunan da ake rataya a shagunan aski, shi ke rubuta allunan masu shago. Mutum ne marar yawan magana, gemunsa ya yi fari fat, amma Yaya har gobe Auta take ce masa. Shi ta sa ya rubuta a bangon, An hana fitsari a nan. Aka yi a kan rubutun. Ya ƙara, Za a ci tara. Aka yi a kan tarar. Ranar da ran Yaya ya kai maƙura ta sa ya rubuta, Jaki ne kawai ke yi a nan. Da idona na ga wani mai kwat da jaka yana karantawa yana dariya, yana kuma yi.

Wata safiya Yaya ta leƙo ta same mu zaune a bencina, ni da Mai Fenti.

“Auta, mutanen nan ba sa jin kunya, ba sa jin zagi. Ka rubuta musu abin da za su ji tsoro.”

“Me ya rage, Yaya?”

“Kai da kake sahun gaba a masallaci kullum kake tambayata?”

Ya yi ta juya burushi a hannu. Can ya tashi ya yi alwala, ya shafe bangon da farar ƙasa, ya haɗa koren fenti irin na ganyen da ruwa ya wanke. Ya wuni yana rubutu, harshensa a waje kamar ɗan makaranta. Da la'asar ya ja da baya. Kalma uku ce: Allah na ganinka. Ban taɓa ganin hannunsa ya yi kyau kamar ranar ba.

Abin mamaki, sai rubutun ya yi aiki. Mutum zai shigo da sauri, hannu ya riga ya kai zariyar wando, ya ɗaga kai, ya tsaya cak kamar wanda aka kira sunansa. Sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tsallaka ɗaya gefen lungun, ya sauke wa Tela a bangonsa. Bangon Yaya ya bushe. Ta mai da sallayarta ɗaki, ta yi ta sa wa Auta albarka har ya rasa inda zai sa kansa.

Tela ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ya zo wurin Mai Fenti da almakashi rataye a wuya.

“Maƙwabci, ka kori kura daga garkenku ka turo mini. Ni ma ai Allah na ganin bangona.”

Mai Fenti ya yi masa. Matafiya suka matsa gaba zuwa bangon mai kemis. Aka yi wa mai kemis, suka matsa zuwa na mai wanki da guga. Haka zarni ya yi ta ja da baya a lungun kamar rundunar da aka ci da yaƙi, koren rubutu na bin sa a baya.

A nan ne labari ya kai kunnen Shugaba. Shugaban tasha ke nan, mai ƙiba, mai yawan turare, wanda 'yan kamasho ke rufa wa baya duk inda ya sa ƙafa. Mabuɗin ban ɗakin nan ma, in ana neman sa, a aljihunsa yake. Ya zo lungun da kansa, ya tsaya gaban bangon Yaya ya shaƙi iska, ya ce, “Allahu akbar.” Kafin mako ya zagayo an kafa rumfa a tsakiyar tasha, an ɗaura lasifika.

“Jama'a!” in ji Shugaba. “Me ya lalata zamani? Yaro ba ya gaida babba, mata sun fi maza yawa a titi, amana ta yi ƙaura. Dalili ɗaya ne. Mun bar addini a masallaci tare da tabarmi, mun fito kasuwa hannu rabbana. To daga yau addini zai fito titi! Ga hujja nan a bayan tasha: kalma uku ta yi abin da hukuma ta kasa.”

Aka yi kabbara. Aka kafa Kwamitin Gyaran Tarbiyya, Shugaba ne shugaba. Aka kira Mai Fenti gaba aka yafa masa wani ƙyalle a kafaɗa, yana ta sunkuyar da kai. Da aka zo neman ofishin kwamiti, sai aka tuna akwai gini a tashar da ba a amfani da shi. Aka buɗe ban ɗakin, aka cike ramukan da siminti, aka shimfiɗa darduma, aka sa fanka da kujera mai juyawa. Na leƙa na gani. Wallahi ya yi kyau. Famfunan ma an bar su a jikin bango, ana rataya hula.

Kwamiti ya ba da umarni: kowane bango da ke kallon titi a yi masa rubutun. Wanda bai yi ba, to, jama'a za su san irin mutumin da yake. Sai rububi. Mai fetur ɗin da ke sirka mai da kananzir ya ce a yi masa da manyan haruffa. Mai awon da ya bubbuge gindin mudunsa ya ce nasa a zagaye shi da fure. Mai kemis ya ce a ƙara masa wani a kan tagar baya, wadda samari ke miƙo hannu ta ciki su karɓi maganin tari ba tare da tari ba. Babu wanda ya canja mudu, babu wanda ya rufe taga, amma in ka tsaya a bakin tasha ka duba, ko'ina kore shar. Baƙi suna cewa ba su taɓa ganin unguwa mai tsoron Allah irin tamu ba. Har a rediyo aka faɗa.

Ni dai akwai abin da ya riƙa yi mini yawo a ka, irin tunanin banza da ke zuwa wa mai gyaran lema da rani. Motoci ba su daina zuwa ba. Mutane ba su daina shan ruwa a hanya ba. To ruwan nan ina yake zuwa? Nakan ga matafiyi ya shigo lungu ya duba bango, ya wuce na gaba, ya wuce na gaba, yana tafiya ƙafa a haɗe kamar mai ɗauke da ƙwai, har ya ɓace a kwana. Can sai in gan shi ya dawo ta ɗaya ɓarin, ido ya yi ja. Na ce wa Mai Fenti, “Mutumina, kun toshe wa kogi hanya, ba ku haƙa masa wata ba.” Ya ce in bar shi da tatsuniyoyina.

Ranar da kogin ya ɓalle ina zaune. Wani direban babbar mota ne, ana ce masa Ba-Birki. Ya shigo lungun a guje, ya yi zagayen nan da kowa ke yi, ya dawo inda ya fara. Ya tsaya gaban bangon Yaya, ya runtse ido, ya ce, “Astagfirullah,” ya juya wa titi baya. Daidai nan Mai Fenti ya ɓullo da bokitinsa.

“Kai! Kai bawan Allah! Ba ka ga abin da aka rubuta ba?”

“Na gani, Baba,” in ji Ba-Birki, bai ko waigo ba. “Na zagaya unguwar nan kaf, ko'ina yana ganina. To ina zan je inda ba ya gani? Nuna mini, wallahi yanzu in tafi.”

Mai Fenti ya ajiye bokitinsa. Ya tsaya yana kallon danshin yana gangarowa ƙarƙashin harafin da ya wuni yana gyara wa wutsiya.

In ɓera ɗaya ya huda buhu, sauran ba sa neman izini. Cikin 'yan kwanaki an koma gidan jiya, sai dai yanzu da ladabi. Wani ya kau da kai gefe, wani ya cire hula ya rufe fuska, wani ya yi istigfari kafin ya fara, wani bayan ya gama. Daga baya ma aka daina wannan wahalar. Ido ya saba da koren rubutu kamar yadda ya saba da tallan sabulu.

Abokina ya daina cin abinci sosai. Kullum da safe zai zo da ruwa da tsintsiya ya wanke bangon Yaya, ya wuce na Tela, ya wuce na gaba, kafin ya kai ƙarshen lungu na farkon ya sake jiƙewa. Ya ce mini, “Da hannuna na ɗauko sunan nan na kawo shi inda ake yi masa haka. Ranar da za a tambaye ni, me zan ce? In ce Yaya ce ta sa ni?”

Na raka shi wurin Liman. Limaminmu tsoho ne tukuf, kunnensa ya yi nauyi, muryarsa ba ta cika lasifika, shi ya sa ba a sa shi a kwamiti ba. Muka same shi yana ɗinke takalminsa. Sai da Mai Fenti ya maimaita bayani da ƙarfi kafin ya ji.

“Au, kai ne mai rubutun?” in ji Liman. “Na ɗauka gwamnati ce. Sunan Ubangiji ka ɗauka aikin gadi?”

“Kuskure ne, Malam.”

“To, sallame shi. Kada ka shafe da fenti, yana nan a ƙarƙashinsa. Kankare za ka yi, ka tare garin a ƙyalle mai tsarki, ka binne a wuri mai tsarki. Miƙo mini zaren can.”

Daga nan muka wuce ofishin kwamiti. Shugaba na kan kujera mai juyawa, daidai inda rami na biyu yake a da. Mai Fenti ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe, ɗayan biyu: ko a buɗe wa matafiya wurin kama ruwa, ko a ba shi izini ya kankare rubutun.

Shugaba ya daina juyi.

“Ka kankare me?”

“Ranka ya daɗe, ana yi masa...”

“A wannan zamanin? Da duniya ta lalace haka, mu da muka fito da addini titi, mu ne kuma za mu mai da shi? Me za a ce a rediyo? Masu yi a kai ai tsakaninsu da Allah. Mu namu mun yi.”

“To ban ɗakin fa?”

Shugaba ya dubi dardumar, ya dubi fankar. “Malam, kana so a tashi ofishin tarbiyya don a yi fitsari? Ka ji abin da bakinka ke faɗa kuwa?”

Washegari da hantsi, lokacin da motocin nesa ke sauke mutane, Mai Fenti ya zo da alwalarsa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan wani katako a gindin bangon Yaya, ya fito da wuƙar kankare fenti, ya yi bisimilla. Na ce ya bari sai lungu ya yi shiru. Ya ce shi ba sata zai yi ba.

Ya gama kalmar farko ke nan sai wani da ya gama biyan buƙatarsa a ƙarshen bangon ya juyo yana ɗaure zariya.

“Kai tsoho, me kake yi? Jama'a! Ku zo ku gani! Yana goge sunan Allah!”

Ban san lungunmu na iya ɗaukar mutane haka ba. 'Yan kamasho, fasinjoji, mai fetur da jarkarsa, mai awo, har mai kemis ya rufe tagar baya ya fito. Da yawansu na san bayansu fiye da fuskarsu. Wani ya fizge wuƙar, wani ya cakumi wuyan rigarsa, hularsa ta faɗi cikin danshi. Ana ta “Kafiri!” “Wa ya aiko ka?” “Dama na ga take-takensa!” Shi kuwa duk ƙoƙarinsa kada a taka ƙyallen. Ya kwanta a kansa ya rufe shi da ƙirji, duka na sauka a gadon bayansa. Na ɗaga wata lema da nufin shiga tsakani, ta buɗe da kanta, aka ture ni da ita gefe.

Yaya ce ta fito da bokitin ruwan wanki ta watsa wa na gaba-gaba.

“Marasa kunya! Kai mai jar hula, ba kai ne na jiya da azahar ba? Kai kuma ko zariyarka ba ka gama ɗaurewa ba! Ku sake mini ƙane!”

Aka ɗan ja baya, amma ba a watse ba. Wani ya riga ya ɗauko dutse. Sai ga Shugaba da mutanensa, turare ya riga shi isowa. Ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya dubi bangon: sunan ya tafi, saura na ganinka.

“Za ka mai da shi yanzu, a gaban jama'a, da haruffan da suka fi na da,” in ji shi. “In ba haka ba, ni ba zan iya riƙe mutanen nan ba.”

Mai Fenti ya miƙe zaune, leɓensa na jini, ƙyallen a ƙudundune a ƙirjinsa. Na san ba zai mai da shi ba, na kuma san dutsen nan ba wasa aka ɗauko shi ba. Ya daɗe yana kallon fuskar Shugaba, irin kallon da yake wa mutum in zai zana kan aski.

“Ranka ya daɗe,” ya ce a hankali, “wuri nake gyarawa. A nan aka fara aikin nan, amma babu abin da ke nuna wanda ya kawo gyaran. Na ce bari in sa hotonka.”

Ƙarya ce, kuma ita ce kaɗai na taɓa ji daga bakinsa. Shugaba ya dubi bangon, ya karkata kai, ya ja da baya kaɗan ya sake dubawa.

“Tun daga sama har ƙasa?”

“Har ƙasa, ranka ya daɗe.”

“To me ya hana ka faɗa tun farko? Kai, ajiye dutsen nan! Ku ba dattijo hularsa. Jahilci dai bai yi ba.”

Mai Fenti ya kankare sauran, ya yi zanen. Da yake kan aski kaɗai ya iya, Shugaba ya fito da sabon aski da saje mai kaifi, ya kuma rage shekara ashirin. Idanun ne abin kallo: duk inda ka tsaya a lungun suna bin ka. Na gwada daga bencina, na gwada daga ƙofar Tela, har ta ƙarƙashin lema na leƙa, suna kaina.

Mutum na farko da ya gwada tsayawa gaban hoton, 'yan kamasho suka yi masa dukan da sai da aka kai shi wurin mai kemis. Ba a sami na biyu ba. Bangon Yaya ya bushe ƙayau, bushewar da bai taɓa yi ba ko a farkon koren rubutu. Tela ya zo da almakashinsa ya ce shi ma a yi masa hoto. Kwamiti ya zauna ya ga dacewar a yi wa kowane bango, tunda zaɓe ma ya kusa. Aka kafa rumfa, aka buɗe taro da addu'a, aka umarci Mai Fenti ya kankare duk rubutun da ya yi a unguwar. Mutanen da suka yi masa duka su suka riƙe masa tsani. Ba wanda ya ce kafiri.

Bai bar ko ɓurɓushi ya faɗi ƙasa ba. Ya tara garin duka a wani gwangwanin madara da ya wanke da kyau, ya cika shi har baki. A masallaci har yanzu akwai masu matsawa in ya tsaya kusa da su, sun ce ba a san zuciyarsa ba. Shi bai damu da wannan ba. Abin da ke cin sa daban ne: in ya zauna a bencina yana kallon busasshen bangon, sai ya ce, “Ka ga ya bushe ko?” In ce na gani. Sai ya girgiza kai.

Wata la'asar ya zo da gwangwanin a naɗe da farin ƙyalle, ya ce in raka shi mu binne kamar yadda Liman ya ce. Muka bi bayan kasuwa, muka bi gefen makaranta, muka je filin ƙwallo, muka gangara har gindin bishiyoyin bakin hanya. Tun da bango ya gagara, duk nan matafiya da 'yan unguwa suka koma. Duk inda ya durƙusa zai haƙa, sai ya shinshina ƙasar ya miƙe. Muka dawo ƙafa ta yi nauyi, gwangwanin na hannunsa.

Yaya ta karɓa da hannu biyu. Ta sa ya hau kujera ya ɗora shi a saman kabad ɗinta, can kusa da rufi, inda take ajiye abin da ba ta so a taɓa.

“Ya zauna nan tukuna,” in ji ta, “har a sami wuri.”

Yana nan har yanzu.